Kujera ko Daro: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Fastoci da Dattawan Ikilisiyoyin Damagaram

Babannina cikin Ubangiji,

Gaisuwa da ladabi. Ina gajiya, yaya iyali, yaya garken da aka damƙa muku? Allah ya ƙara ƙarfi.

Bayan gaisuwa, ni kafinta ne. Da yawanku kun san shagona, wasunku ma a kan aikin hannuna kuke zama ran Lahadi. Ban yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba, ko lakwal ban shiga ba, bokon da nake da shi a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi bayan na yi gemu. Ina faɗa, ɗiyata tana bugawa a waya, don haka in kun ga tuntuɓen harshe, nawa ne.

Mako uku ke nan da aka aiko mini in yi kujera guda, babba, mai hannuwa da katifa, a sassaƙa mata ado a majingina, saboda babban baƙon da zai zo taron ƙarshen shekara. An ba ni kafin alƙalami, na sayo katako, yana nan jingine a bangon shago. Har yau ban sa masa zarto ba. Kullum na ɗauko ma'auni sai hannuna ya yi sanyi. Abin da ya hana ni shi nake so in faɗa muku. Na taɓa faɗarsa sau biyu a taron maza, aka ce za a duba, shiru kake ji. Na san maƙwabtanmu Musulmi za su karanta wannan, na kuma san wani zai ce na tona asirin gida. Ba abin da ke cikin takardar nan da ba su gani da idonsu ba, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ku bar ni in fara da sunan da muke kiran kanmu. Ni almajiri ne tun kafin in san Yesu, almajiri mai allo da kwano. A farin 1973 da 1974, da rumbunmu ya koma fayau, bisashe suka ƙare, mahaifina ya kamo hannuna daga ƙauyenmu na wajen Tanut ya kawo ni Damagaram, ya damƙa ni ga wani malami a cikin Birni. Shekarata takwas. Shi ya sa in aka ce "almajiran Yesu" daga kan mimbari, abin da ke zuwa idona daban yake da na wanda ya tashi a gidan ma'aikaci. Ina ganin zaure da sanyin hunturu, da karan da muke yowa don wutar karatun dare, da gonar malam da damina, da ƙanzo da ɗumame. Almajiri ba ya zaɓen makwanci. Ba ya cewa yau ba na jin zuwa ɗibar ruwa. In malam ya naɗe buzu zai tafi ci rani, kai ma ka naɗe tabarmarka, ba mai neman shawararka. Masana sun ce kalmar daga Larabci ta fito, mai hijira ke nan, wanda ya bar gida. Waɗanda suka juya mana Littafi zuwa Hausa, tun bugun 1932, da sun ga dama da sun ce ɗalibai ko mabiya. Suka ce almajirai. A ganina sun dace, mu ne muka wanke kalmar muka goge ta har ta daina warin hayaƙi.

Kada ku ɗauka ina yabon yunwar da muka sha. Ƙazuwa da kwarkwata da bulalar gardawa ba su koya mini tsoron Allah ba, kuma yaron da ke yawo da roba a bakin tasha yau, alhakinsa na wuyan manya. Amma akwai abu guda da ba zan manta game da malaminmu ba. Tuwon da aka kawo shi yake ci, a gidan da muke kwana nan yake kwana. Da dare sai ya ɗauki fitilar ƙwai ya bi mu ɗaya ɗaya yana ƙidaya, in ba mu cika ba, ba ya kwanciya. Shekarar da sanƙarau ya shigo, a bayansa ya goyi wani kolo zuwa likita, dattijo mai furfura, rawani na warwarewa yana ja a ƙasa. Abin da ya sa muke binsa cikin rana da ƙaya ke nan: muna ganin ƙeyarsa a gabanmu.

Yadda na zo wurin Almasihu kuwa, ba a taron wa'azi ba ne. Ina shekara goma sha ɗaya gyambo ya kama mini ƙauri, yana ruwa, ƙuda na bina, ko ƴan'uwana almajirai ba sa son zama kusa da ni. Akwai wani gida a Sabon Gari da nake zuwa bara, na wata mata mutuniyar kudu, daga bakin teku, Hausarta duk a karye. Ran nan na yi sallama, maimakon ta miƙo tuwo sai ta ce in shigo. Ta ɗora ruwa, ta sa gishiri, ta zaunar da ni a kan turmi, ita ta durƙusa a ƙasa ta ɗora ƙafata a cinyarta. Kusan wata biyu tana wannan aiki kowace safiya, da tsumman da ta yage daga tsohon zanenta. Ba ta taɓa ce mini in bar addinin ubana ba, ko da za ta faɗa ma Hausar ba za ta kai ba. Sai bayan shekaru fiye da goma, ina saurayi ina koyon sana'a, na ji ana karanta Linjilar Yahaya sura 13, na ce a raina, ai na san wannan matar. Tabon yana nan a ƙafata. Abin da baftisma ta jawo mini wajen dangi ba zan jera shi a nan ba, da yawanku kun sha irinsa, wasu ma fiye.

Yanzu ku dubi surar nan da idon mutumin Damagaram. Mun san ƙafar da ta yini cikin fade a ƙurar garin nan, mun san kaushi da faso. Irin wannan ƙafa guda ashirin da huɗu, na almajiransa goma sha biyu, Ubangiji Yesu ya sa a gaba, ya tuɓe mayafi, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro. A cikinsu akwai ta Bitrus da zai yi musun saninsa kafin zakara ya yi cara, akwai ta Yahuza da ya riga ya gama ciniki. Bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya gama ya ce misali ya ba su, su yi wa juna haka. Ƴan'uwanmu Katolika suna maimaita wannan kowace shekara ran Alhamis ta kafin Ista, abin sha'awa ne, ko da yake na lura waɗanda aka zaɓa sukan zo da ƙafarsu a wanke tun daga gida. Mu kuwa ko wannan ɗin ba ma yi.

A Markus sura 10 kuma sai ga ƴaƴan Zabadi, Yakubu da Yahaya, sun zo da buƙatar da ta shafi sana'ata: kujera biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. A daidai lokacin da Malaminsu ya gama gaya musu za a yi masa bulala a kashe shi a Urushalima suka kawo maganar. Sauran goman suka ji haushi, ni dai ina zaton don an riga su ne. Amsar da ya ba su kun fi ni saninta: sarakunan al'ummai sukan nuna iko, amma a cikinku ba haka zai zama ba, mai son zama babba sai ya zama bara, domin shi kansa bai zo don a yi masa hidima ba. Ku ci gaba zuwa sura 15 ku ga waɗanda suka samu dama da hagun nan: ƴan fashi biyu ne, kowa a kan nasa gungumen. Mu ƴan garin sarauta ne, mun tashi muna jin kakaki da algaita a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, mun san wa ke zama kusa da wa, wa ke tuɓe takalmi daga nesa. Wannan tsari na fada ne, kuma a can yana da kyau. Abin da ke damuna shi ne yadda muka kwaso shi sukutum muka shigo da shi majami'a, har da masu riƙe wa mutum jaka da Littafi kamar hannunsa ya karye.

Akwai ranar da na ga ikilisiyar garin nan ba kujerar gaba. Juma'a ce, 16 ga Janairu 2015. Wata jarida a Faransa ta buga zanen ɓatanci wanda ya ƙona zuciyar Musulmi, abin da ba hannunmu a ciki, kuma ba mu taɓa yarda da shi ba. Bayan an sauko daga masallaci gari ya rikice. Ina shago na hango hayaƙi ta fuska biyu, ta uku. Majami'u suka ci wuta, da makarantar mishan, da gidan al'adun Faransa, da gidaje da shagunan Kirista. Kashegari abin ya koma Yamai. Cikin kwana biyun nan mutum goma suka rasa rayukansu. Bencunan da na shekara ina yi a kan rangwame, su aka tara a tsakiyar ɗaki aka zuba musu fetur, busasshen katako kuwa ba ya gardama da wuta.

Ina tsaye ban san inda zan nufa ba sai ga yayana a kan babur, mutumin da tun ranar baftismata bai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Ina matarka da yara?" Ya kwashe su sawu biyu, matarsa ta ba su hijabai, suka kwana tara a ɗakinta. Ni ya ce mini, "Kai ka san ta kanka, waɗannan jinina ne." Ba shi kaɗai ya yi haka ba, Musulmi da yawa sun ɓoye maƙwabtansu a ranar, wasu sun tsaya a ƙofar gida sun ce sai dai a bi ta kansu. Mu da muka rage muka tare a barikin soja. A can na ga abin da har gobe nake girmama ku saboda shi. Na ga fasto ya tuɓe bargonsa cikin sanyin Janairu ya lulluɓa wa ɗan wani, ya kwana a zaune. Na ga dattijon da a da ba ya amsa gaisuwa sai da ka, yana bin layi da bokiti yana ɗebo wa mata masu goyo ruwa. Ba Katolika, ba ƴan wannan ɗarika ko waccan, tabarma ɗaya ce. Da muka koma muka yi sujada a cikin toka, kuka hau kan baƙin siminti kuka ce mu gafarta, kada kowa ya rama. Mun ji maganarku a ranar, domin ku ma rigar da ke jikinku ita kaɗai ta rage muku.

Sai taimako ya zo, daga cikin ƙasa da waje, Allah ya saka wa masu bayarwa. Bango ya tashi, aka buga sabon kwano, aka sa fanka da lasifika, wasu har da janareto. Aka kira ni na sake bencuna. Sannan aka ce in ƙara da manyan kujeru uku na gaba, waɗanda kafin gobarar babu su. Na yi su, na karɓi kuɗina, har ina tsayawa bayan sujada in ji ana yaba ƙirar.

To a harabar wata majami'a akwai wata gwauruwa da ke zaune a ɗan ɗaki, ita ke shara da wanke kofunan Jibin Ubangiji, tana ɗinki da keke tana ciyar da jikoki. Wutar ta cinye ɗakin da keken. An gyara mata bango, an rufa sama, amma keken shiru. Da ta gaji da jira ta je ta yi magana, a gabana aka ce mata, "Mama, ki yi haƙuri, gicciyenki ne, ladanki na sama." Ta ce to. Yau wankau take yi a gidajen mutane, ran Asabar da yamma kuma ta zo ta durƙusa ta share ƙarƙashin kujerun nan uku. Keken ɗinki na hannu bai kai kuɗin guda ɗaya daga cikinsu ba, ni na yi su, na san farashin. Na san wani mai bishara a ƙauye da ya yi watanni ba a aika masa da ɗan abin da aka yanka masa ba, har tamowa ta kama ɗansa. Da ya koka, wanda ya zo duba shi cikin mota mai sanyi ya buɗe masa Luka 9:23 ya yi masa wa'azin musun kai, ya ci kazar da matar ta yanka, ya juya. Na san yarinyar da ta zo da ido a kumbure har sau uku, sau ukun ana mayar da ita da ayar haƙuri, mijin kuwa ba wanda ya taka ƙofarsa, saboda zakkarsa na da kauri.

Babannina, wannan ba shi ne gicciye ba, kuma kun sani. Ayar ta ce mai son bin sa ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa. Kansa aka ce, nasa aka ce. Ba a ba kowa izinin ƙin wani a madadin Yesu ba, ko ya sassaƙa gicciye ya ɗora wa na ƙasa da shi. Masu ɗaure kaya masu nauyi su jibga wa mutane, su kuwa ko da yatsa ba sa taɓawa, an ambace su a Matiyu 23, kuma ba yabonsu aka yi ba. Bitrus a wasiƙarsa ta fari ya bambanta wahalar da mutum ke sha saboda sunan Almasihu da wadda ke zuwa ta wata hanya. Abin da ya same mu a 2015 saboda sunan ne, mun karɓa, in ya sake zuwa Allah ya ba mu ƙarfin sake karɓa. Yunwar ɗan mai bishara kuwa daga sakacinmu ta fito. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce matan su yi haƙuri ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai aka ba su aikin. Ɗaya daga cikinsu shi ne Istifanas, na farko da aka kashe saboda Yesu. Mai rabon tuwo ne ya riga manzanni duka shan wannan ƙoƙon.

Haƙurin Kirista ma ba ya nufin a ɗinke baki. Da wani dogari ya mari Ubangiji a gaban babban firist, bai rama ba, amma ya tambaye shi dalilin marin. Da aka yi wa Bulus da Sila dūka a Filibi ba shari'a, aka aiko da safe a sallame su a ɓoye, Bulus ya ce sam, mahukuntan su zo da ƙafarsu su fitar da su, kuma suka zo. Yarinyar nan mai kumburarren ido tana da damar yin tambayar da Ubangijinta ya yi, ku kuma aikinku ne ku raka ta a ji amsa.

Ina yawan tuna Saminu Bakurane. Garinsu Kurane yana cikin ƙasar Libiya ta yau, can inda samarinmu ke bi ta Agadas su tafi neman kuɗi. Yana shigowa daga ƙauye, ba ruwansa, soja suka tare shi suka ɗora masa gungumen gicciyen Yesu. Ko Ubangiji da kansa, da jiki ya gaza, sai da aka samu mai kama masa. Ni da nake ɗaukar katako kullum na san bambancin mai cewa "sannu" daga inuwa da mai sa kafaɗa a ɗaya bakin. In kun ga ɗan'uwa da gicciye na gaske, kamar yaron da aka kora daga gida saboda ya bi Yesu, tafin da muka yi masa ranar baftisma ba zai zama masa ɗakin kwana ba. Nawa ne cikinsu suka koma, ba don sun daina gaskatawa ba, sai don sun kwana uku a tasha ba wanda ya ce su shigo?

Ga kuma wani wa'azin da ke shigo mana ta WhatsApp da tauraron ɗan'adam daga ƙetaren iyaka, samarinmu na haɗiya ba tauna: wai wahala ba rabon ɗan Allah ba ce, ka shuka iri a hannun bawan Allah ka girbe mota. A garin da mata ke jera bido a bakin famfo tun kafin asuba, wani lokaci su koma da shi wayam, a nan ake gaya wa mutum talaucinsa ƙarancin bangaskiya ne. Da farko na ɗauka wannan wa'azi kishiyar na "gicciyenki ne" ne. Da na zauna na auna su sai na ga uwarsu ɗaya. Wancan ya ce ki yi shiru da wahalarki, wannan ya ce laifinki ne da kike shan ta, dukansu biyu kuwa mai faɗa yana tashi aljihunsa bai ragu ba, gwiwar wandonsa ba ƙura.

A 2024 aka cika shekara ɗari da zuwan ƴan mishan na SIM ƙasar nan, kuma a Damagaram suka fara sauka, a 1924, lokacin nan ne babban birni kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Suna da nasu laifin, a inuwar Nasara suka zo, sun kuma daɗe suna riƙe da makullai. Amma ku tambayi kowane Bahaushe ko Buzu ko Bafillace a Nijar abin da ya sani game da Kirista. Ba zai kawo muku sunan ɗarika ko na shugaba ba. Zai ce Galmi, asibitin da ke karɓar marasa lafiya tun 1950. Zai ce Danja ta kusa da Maradi, inda aka wanke miyakun kutare a zamanin da danginsu ma ke miƙa musu abinci daga nesa. Ɗan mutuncin da muke ci yau, da daro aka samo mana shi. Ga Kara-Kara nan a gefenmu, unguwar da aka ware wa kutare, jikokinsu na fasa dutse a rana, samarinta kowa na tsoronsu ana kiransu ƴan pale. Mu nawa muka taɓa shiga, ba da lasifika ba, ba da mai ɗaukar hoto ba? Ba mu kai ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar nan ba. Yawancin maƙwabtanmu har su mutu ba za su buɗe Linjila ba, mu suke karantawa, kuma sun iya karatu.

Kada in tsaya ina nuna ku da yatsa kamar ni tsarkakakke ne. A ranar gobarar na ga wani saurayi da na sani, ɗan unguwarmu, ya kinkimo bencin da na yi yana jefawa cikin wuta yana dariya. Bayan shekara biyu sai ga shi a shagona da amalanken tura ruwa, katakon ya karye, da shi yake ci. Ya san na gane shi, ya kasa ɗaga ido. Na gyara masa, gyara mai kyau. Amma na tsawwala masa kuɗi ninki biyu, ya lalube aljihu ya biya bai ce uffan ba, na kuma ji daɗi har cikin raina. Da na ba matata labari da dare ina murmushi, ta dube ni ta ce, "Malam, ashe kai ka sayar da taka gafarar." Sai da na yi wata huɗu kafin in iya neman shi in mayar masa da rarar. Kuma ni da na yi bara a garin nan, sau nawa na daka wa almajiri tsawa ya tashi daga ƙofar shago don ina lissafi? Don haka a layi ɗaya muke, sai dai ku kuna gaba, ƙeyarku muke kallo.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Kafin a ware kuɗin taro da na abincin manyan baƙi, a fara biyan masu bishara na ƙauye, a kuma karanta lissafin baiko a gaban jama'a da Hausa, yadda tsohuwar da ta jefa dala biyar za ta ji inda ta shiga. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, baikon nan kuwa mafi yawansa daga hannun masu wankau da masu tuyar ƙosai yake fitowa. Kowace majami'a ta samu ɗaki ko guda ne, da tabarma da tukunya, saboda wanda aka kora. In mace ta zo da rauni, dattawa biyu su sa takalmi su je wurin mijin a ranar. Zumuntar mata ta daɗe tana ɗauke da jinyar marasa lafiya da zaman makoki da girkin kowane taro, su ne ke kwana a likita da wanda ba shi da kowa. Ina so wata rana in shiga ɗakin jinya in tarar da dattijon ikilisiya riƙe da fo, ba a aike shi ba, ba kuma wanda zai ba da labarinsa ran Lahadi. Na san akwai masu yin haka a cikinku, na san fasto mai noma da hannunsa kamar yadda Bulus ya ɗinka tanti, wanda bai taɓa tambayar inda za a zaunar da shi ba. Su yafe mini, ba da su nake ba, ko da yake su ne za su fara jin kunyar takardar nan, waɗanda nake nufi kuwa su ce da wane ake.

Saura maganar katako. Tun da aka rufe iyaka a 2023 kuɗinsa ya hau, bai kuma sauko yadda yake a da ba, don haka wanda na sayo ba ƙaramin kuɗi ya ci ba. Na auna shi. Zai fitar da kujerar nan guda ɗaya, ko kuwa ƙyaure da taga da ɗan gado. Ɗakin gwauruwar da na ambata har yau buhu ne rataye a ƙofarsa, ga hunturu ya kusa. Kuɗin na baiko ne, ba nawa ba, ba zan juya shi da ra'ayina ba, sai da izininku. In kun yarda, ladan aikina na bari, baƙon kuma zan zaɓo masa benci mafi kyau in sake goge shi in shafa masa mai, ba abin da zai kama masa riga. In kuwa kun ce lalle sai kujera, zan mayar da kafin alƙalamin da katakon gaba ɗaya, kafintoci na da yawa a garin nan, wasu sun fi ni hannu. Ba zan yi fushi ba, ba kuma zan bar sujada ba, kuna iya samuna a bencin da na saba, na uku daga baya, wajen taga.

Saura kwana ashirin taron, fenti kuma yana son kwana uku kafin ya bushe. Shagona a buɗe yake daga safe har magariba, ban da Lahadi.

Naku cikin Almasihu,
Wani kafinta,
Damagaram.